Yadda za ki sa waƙoƙin anime a bikinki ba tare da ran su Hajiya ya ɓaci ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na Jidda da Makka da Madina, musamman amaren da ke shirin shiga ƙa'a, wato zauren biki, a wannan hutun. Yanzu abin ya yi yawa, yarinya an sa mata rana sai ta ce ita fa a zaffarta, wato shigowar amarya cikin ƙa'a, kiɗan anime take so, wato na katun ɗin Japan, wata ma ita da angon anime ɗin ne ya haɗa su hira tun farko. Ni ban ga laifin hakan ba wallahi, don mu da aka haifa a nan ko aka kawo mu muna ƙanana, da waƙoƙin nan muka tashi. Tashar katun ta Spacetoon ta fara a shekarar 2000, kuma babu gidan da ke Shara Mansur ko Hindawiyya ko Karantina da yara ba sa zama gaban talabijin bayan an taso madarasa suna jiran Conan ko Ƙannas, kafin mu kuma yayyenmu sun yi zamanin Grendizer da Adnan wa Lina da Kaftin Majid. To mutum ya so ya ji wani abu na yarintarsa a daren da ya fi kowane dare girma a wajensa, ai ba abin mamaki ba ne. Matsalar kawai ita ce yawanci ana zaɓen ne da kunne, a ji sauti ya yi daɗi a tura wa mai DJ, ba a tsaya an duba me waƙar ke faɗa ba, ko a wane waje aka saka ta a cikin labarin, ko su waye za su zauna a ƙa'ar su saurara.

Abu na farko da za ki sa a ranki shi ne bikin ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai gwaggonki da ta taso daga Makka, akwai dangin ango, akwai tsofaffin da suka zo Umra daga Kano ko Zinder aka ce su tsaya su ga biki, akwai maƙwabta Larabawa da ƙawayen makaranta. Waƙar anime a wajen nan baƙuwa ce, za a karɓe ta hannu biyu a ba ta wajen zama mai kyau, amma ba ita za ta karɓe gidan ba. A ganina waje uku ya ishe ta, in an matsa huɗu: lokacin da mutane ke shigowa ana zuba gahawa da dabino, lokacin zaffa, lokacin bidiyon hotunan yarinta, sai kuma ɗan minti goma na ƙawaye can ƙarshen dare. Ragowar daren ki bar wa masu shi, a sa na gida a yi rawa a yi liƙi, su Ali Jita da Ado Gwanja da Nura M Inuwa, a sa wa iyaye amada irin ta marigayiya Barmani Choge su tashi su taka, a sa na Hijaz da Khaliji don maƙwabta. In kika yi haka babu wadda za ta koma gida tana cewa an kai su biki an kunna musu kiɗan katun.

Kafin ma ki fara tara waƙoƙi, ki je ki zauna da mamanki, ita kuma ta ji ta bakin uwar ango, shin bikin da musiƙa za a yi ko babu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a nan, kin san akwai gidajen da duffi kawai suke yarda da shi, kuma akwai waɗanda in suka ji fiyano ya tashi za su ɗauki abayarsu su fita ba tare da sun ce wa kowa komai ba. Kar ki ɓoye ki ce sai a daren za su ji, dan Allah kar ki yi, rigimar da za ta biyo baya ta fi daɗin minti uku yawa. In an ce babu musiƙa ba shi ke nan an rufe ƙofa ba, akwai studiyo da yawa masu haɗa zaffa bidun musiƙa, wato babu kayan kiɗa, da murya kawai da duffi suke kwaikwayon sautin, sai ki kai musu karin waƙar da kike so ki tambaya ko za su iya yi miki shi da baki, su saka sunanki da na ango a ciki. Ki ba su lokaci sosai, kuma ki saurari samfurin kafin ki biya sauran kuɗin, don wani karin yana zama da kyau in an cire kayan kiɗa, wani kuma sai ya zama wani abu daban da ba za ki gane shi ba.

To yanzu maganar da ta fi damuna, ma'anar waƙa. Jafananci ba ma ji, sai mu ɗauka duk waƙa mai sanyi ta soyayya ce, alhali da yawa daga cikin masu sanyin nan na mutuwa ne da rabuwa. Misali Homura ta LiSA, wadda aka rufe fim ɗin Demon Slayer na Mugen Train da ita a 2020, muryar tana ratsa jiki gaskiya, amma waƙar bankwana ce da wanda ya mutu, tana zuwa ne bayan mutuwar jarumi Rengoku. Haka Secret Base da aka yi amfani da ita a Anohana a 2011, labarin gaba ɗaya na yara ne da ƙawarsu ta rasu suna ƙanana. Your Lie in April kuwa cike yake da kiɗan fiyano da goge masu kyau, shi ya sa amare ke rububinsa, amma duk wadda ta kalla ta san yarinyar mutuwa ta yi a ƙarshe ta bar wa yaron wasiƙa. Sadness and Sorrow ta Naruto sunanta ma ya isa, a wajen makoki da tuna matattu ake saka ta. Unravel ta Tokyo Ghoul ta mutum ce da ya rikice ya daina gane kansa. Sai Binks' Sake ta One Piece da samari ke so saboda ana rera ta tare ana tafi, to waƙar 'yan fashin teku ce a kan kai giya, kuma a labarin wani daga cikinsu mai suna Brook abokan tafiyarsa suna rera ta suna faɗuwa matattu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ko a ɓangaren maza ban so a saka ba.

Wata za ta ce ai su Hajiya ba su san labarin ba, me ya dame su. Eh ba su sani ba, amma ƙawayenki sun sani, ƙannen ango sun sani, ke ma kin sani. Kina takowa a hankali cikin farar riga, rabin 'yan matan ƙa'a suna tuna wajen da aka mutu, wannan ba fata ba ce mai kyau ga sabon gida. Don haka duk waƙar da kika sa a jerinki ki yi mata abu biyu. Ki nemo fassararta ta Larabci ko Turanci ki karanta tun daga farko har ƙarshe, ba amshin kawai ba, don sau da yawa a baiti na biyu ake fito da maganar rabuwa. Sannan ki tuna ko ki tambayi wadda ta kalla, a wane waje aka saka ta. Har kiɗan da babu murya ma sai an yi masa wannan tambayar ta biyu.

Na Larabci kuwa, irin na Spacetoon, nasu hukuncin daban ne don kowa a ƙa'ar zai ji abin da ake faɗa. Yawancinsu a Markaz Az-Zuhra da ke Dimashƙ aka yi su, Tarek Alarabi Tourgane ya rubuta da yawa ya yi musu kari, Rasha Rizk ta rera da yawa, kuma galibi ba fassarar na Japan ba ne, sabon rubutu ne da Larabcin fusha mai tsabta a kan abota da haƙuri da uwa da buri. Shi ya sa iyaye ba sa ƙyamar su, sun saba jin su a falo shekara da shekaru. Ta Ahdul Asdiƙa ita ce ta ƙawaye, in kika saka ta lokacin da ƙawayenki suka hau kosha, wato dandamalin da amarya ke zama, ɗaukar hoto za ki ga duk sun kama rerawa ba wanda ya ce su yi. Amma ki yi hattara da na uwa. Ta Ana wa Akhi kewar uwar da ta rasu ce, ta Remi ma maganar uwa ce da rabuwa da ita. In mahaifiyarki na raye tana zaune a gaba, ta Remi za ta iya dacewa a wajen da za ki sauko ki rungume ta, za a yi kuka amma kuka ne mai daɗi irin wanda dama ake yi ranar kai amarya. In kuwa ke ko ango ko wata ta kusa marainiya ce, musamman in rashin bai daɗe ba, ki bar su gaba ɗaya. Na Grendizer ta marigayi Sami Clark kuma ta maza ce, in ango na so a saka masa ita can ɓangarensu bayan an gama rawar mizmar, za ki ji labari har kawunnansa masu furfura sun yi murmushi.

Mu dawo kan zaffa, don nan ne ido yake. Kin san yadda ake yi, an kashe fitilu, an bar haske ɗaya a kanki, kina tafiya taku ɗaya ki tsaya, ga riga mai nauyi ga dogon takalmi ga masu riƙe miki jela. Kiɗan da zai raka wannan tafiyar dole ya zama mai sanyi da farko sannan ya riƙa buɗewa a hankali, ya kai ƙarshen ƙarfinsa daidai lokacin da kika isa kosha kika juyo kika fuskanci mutane. Shi ya sa ni kullum nake tura amare wajen Joe Hisaishi, mai yi wa finafinan Miyazaki na Studio Ghibli kiɗa. Merry-Go-Round of Life ta Howl's Moving Castle na 2004 kamar don zaffa aka yi ta, tana farawa da fiyano shi kaɗai a nitse, sai goge su shigo, sai ta zama kiɗa mai bugu uku-uku mai lilo, kuma labarin ya ƙare lafiya masoyan suna tare. Ba murya a ciki, babu kalmar da za a ce ba ta dace ba, tsohuwa ma in ta ji za ta ɗauka irin kiɗan manyan otal ne. Abin lura ɗaya, in ta buɗe tana ɗan sauri, kar ki bi ta da ƙafa ki ce kowane bugu taku ne, ki yi taku ɗaya a kowane bugu uku. One Summer's Day ta Spirited Away na 2001 ta fi ta sanyi, ta fi dacewa da lokacin shigowar baƙi ko lokacin asha, wato cin abincin dare.

In kuma ke 'yar Your Name ce, fim ɗin Makoto Shinkai na 2016 da RADWIMPS suka yi wa waƙoƙi, to Sparkle ce za ki so na sani. Tana da kyau, farkonta fiyano ne mai maimaituwa da ke tafiya daidai da takun amarya, kuma a ƙarshen labarin sun haɗu. Sai dai ta fim ɗin ta kusa minti 9, babu amaryar da za ta yi minti 9 tana tafiya, dole a yanka. Ni na fi son a nemo wadda aka buga da fiyano ko goge kawai ba murya, saboda muryar namiji da Jafananci a cikin ƙa'a mai duhu tana sa tsofaffi su fara waige suna tambayar juna wane yare ne wannan, hankali ya bar kanki ya koma kan sifika. Zenzenzense kuwa gudu take yi, ki ajiye ta sai lokacin ƙawaye.

Wata dabara da na ga tana aiki sosai ita ce a haɗa biyu. A fara da muryar mai zaffa yana bismillah da salati ga Annabi da kiran sunan amarya da na gidansu kamar yadda aka saba, wannan yana kwantar wa iyaye da hankali su san an fara da sunan Allah, sai kiɗan animen ya shigo ya raka ki har kosha, kina zama kuma a saki guɗa a saki kiɗan gida mai zafi dangi su taso. Kin ga kin samu naki, su ma ba a hana su nasu ba.

Yanzu aikin hannu. Ki je ƙa'ar ko istirahar, wato gidan shaƙatawa da ake haya a yi biki, kafin ranar, ki sa takalmin da za ki sa, ki taka daga ƙofa ko daga saman bene zuwa kosha a irin tafiyar amarya, wata ta riƙe jawwal, wato wayar hannu, tana duba lokaci. Abin da ya fito ki ƙara masa kamar rabin minti, don a daren za a tsayar da ke, mai hoto za ta ce ki ɗaga kai, wata gwaggo za ta shigo hanya da turaren wuta. Da wannan lissafin za a yanka waƙar. Ki sani kuma waƙoƙin buɗe anime da muke ji a talabijin minti ɗaya da rabi ne kawai, cikakkiyar kuma takan kai minti huɗu ko fiye, kuma sau da yawa tsakiyarta akwai wajen da ba ki taɓa ji ba, wani lokaci da jita mai ƙara ko ihu. Ki saurari cikakkiyar kafin ki tura. Yankan ba wuya, akwai manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, ko ƙaninki mai haɗa bidiyo a CapCut ya yi miki, abin da ake so kawai kar waƙa ta yanke kwatsam, a sa ƙarshenta ya riƙa raguwa har ya ɓace. A kuma daidaita ƙarfin sautin duka, don na Spacetoon na da da ake samu a intanet sautinsu ƙasa yake kuma wani da shuu a ciki, in aka ƙara musu murya sannan sabuwar waƙa ta biyo baya sai sifika ta tsorata mutane.

Kar ki yarda a kunna miki komai kai tsaye daga YouTube a daren. Talla za ta iya faɗowa kina tsakiyar hanya, ko netwok ya ɗauke, wasu istirahohin da ke bayan gari dama sabis ɗinsu sai a hankali. A sauke komai a zuba a filash, a sa wa kowace lamba da suna da Larabci ko Hausa yadda mai DJ za ta gane, kamar 1 shigowar baƙi, 2 zaffa, 3 shigowar ango, 4 yanka kek, don in kika bar mata sunayen Jafananci za ta rikice ba laifinta ba ne. Ki yi filash biyu, ki kuma tura wa ƙawa ɗaya a jawwal ɗinta, kuma ki tabbata ita wannan ƙawar an yarda ta shiga da wayarta tunda wasu bukukuwan ana karɓe wayoyi a ƙofa saboda hoto. Ita ce za ta tsaya kusa da mai DJ ta ba ta alama, ba ke ba, ke a lokacin ko sunanki da ƙyar za ki tuna. Ki zaɓi mai nutsuwa wadda ba za ta tafi rawa ta manta ba.

Shigowar ango ɓangaren mata shi ma a yi masa tunani. Lokacin ne ake sanarwa mata su rufa, ana ɗan hayaniyar neman abaya da ɗarha, wato mayafi, to kar a saki waƙar sai an tabbata kowa ta shirya. Samari suna son su shigo da abu mai ƙarfi irin na Attack on Titan ko Gurenge, ni dai ina ba da shawarar a bari, waƙoƙin yaƙi ne da jini da ɗaukar fansa, kuma yana shigowa ne tare da babanki da yayyenki, ba filin kokawa za su ba. In dole sai ya sa nasa, a ba shi We Are ta One Piece a wajen yanka kek ko a cikin mota lokacin rakiya, waƙar abota ce da fita neman buri, ba abin kunya a cikinta. Ta rufe Spy x Family ta farko, wadda Gen Hoshino ya rera a 2022, ita ma tana da daɗin kek, a nitse take kuma maganar zaman gida ce da cin abinci tare.

Bidiyon hotunan yarinta kuwa nan ne za ki sake, don dama wajen tuna baya ne, hotonki da kayan rauda, wato makarantar ƙananan yara, hoton ango a Harami yana ɗan shekara biyar, sai a sa na Spacetoon a ƙasa, ko na Totoro. Kar ya wuce minti huɗu dai, mutane na jiran asha kuma dare ya riga ya raba. In za ki ɗora wani yanki a Instagram ko TikTok daga baya, ki sani suna iya cire sautin saboda haƙƙin mallaka, kamfanonin Japan ba sa wasa da wannan, to ki ce wa mai bidiyo ta ajiye miki asalin a filash ko da na intanet ya zama shiru.

Minti goman ƙawaye ki bar shi sai bayan asha, lokacin da yawancin manya sun fara sallama. Nan za ku sa Blue Bird ta Naruto da ta Ƙannas da ta Conan da duk abin da kuke so ku rera da ƙarfi. Ki dai gaya wa mai DJ tun da wuri cewa ko wace ƙawa ta zo ta ce a saka mata wata waƙar anime da ba ta cikin filash, kar ta saka, don ta nan ne irin su Homura ke shigowa bayan duk wahalar tacewar da kika sha. Kuma tunda bikinmu na nan yakan kai dab da asuba, ki sa ƙawar nan taki ta duba lokacin kiran salla na ranar a jawwal, a kashe sifika da ɗan tazara kafin a kira.